Idanu Huɗu A Fage Ɗaya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir ya san muryar Ibrahim Narambaɗa tun kafin ya san sunan mai ita. Tana tashi daga rediyon mai shayi, tana tashi daga motar haya mai ɗaukar fasinjan Shinkafi, yanzu kuma daga wayar saurayin da ko mahaifinsa bai riski makaɗin da rai ba. Mutumin Tubali ne, makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma har gobe ɗaliban adabi a Sakkwato da Kano da Zariya suna rubuce-rubuce a kan Bakandamiyarsa. Murya ta iso gare mu, amon kotso ya iso, amshi ya iso. Hannun ne bai iso ba. Yadda yatsu ke sauka a kan fata, yadda ake matse tsarkiya a sassauta, kallon da jagora ke yi wa 'yan amshi a daidai gaɓar da zai sakar musu waƙa, yadda fadawa ke gyara zama idan zambo ya doshi wani da ke zaune a wurin, duk wannan sai dai a bakin tsofaffi, su kuma kullum raguwa suke yi.

A wancan zamani rashin na'ura ne ya jawo. Yau kuwa, je ka ɗaurin aure a Sabon Birni ko saukar karatu a Isa, ka ƙirga hannuwan da ke sama. Waya talatin, waya arba'in, kowace tana ɗauka. Sai dai kusan dukansu a gefe ɗaya suka taru, wajen da inuwa take. Hoton yana rawa, rabinsa ƙeyar na gaba ce, sautin kuma iska da hayaniya. Bayan mako biyu memori ya cika, a goge. Taron da kyamara arba'in suka halarta sai ya wuce bai bar abin da za a zauna a kalla bayan shekara goma ba.

Akwai dabarar da ta riga ta zama ruwan dare a wasu wurare: a ware uku ko huɗu daga cikin wayoyin nan, a kafa kowace a kusurwarta, a haɗa su ba tare da igiya ba, mutum ɗaya ya zauna yana ganin abin da dukansu ke gani a allo guda. A ganina babu yankin da dabarar ta fi yi wa rana kamar wannan bakin iyakar Najeriya da Nijar, babu kuma inda ta fi bukatar a yi ta da hankali.

Daga motar talabijin zuwa aljihu

Ɗauka da kyamara fiye da ɗaya tsohon abu ne. Tun a 1951 wani shirin barkwanci na Amurka, I Love Lucy, ya yi suna wajen ɗaukar wasa da kyamara uku lokaci guda a gaban 'yan kallo. Talabijin ya iso Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962. Wanda ya taɓa ganin ma'aikatan gidan talabijin sun fito ɗaukar babban taro kai tsaye ya san kayan da aikin ke ci: mota guda maƙare da na'urori, igiyoyi shimfiɗe a ƙasa ana tsallake su, kowane mai kyamara da abin sauraro a kunne, darakta a cikin mota yana cewa a ba shi ta ɗaya, a ba shi ta uku. Wannan ba kuɗin mai biki ba ne. Ko da kuɗin ma, wace mota ce za ta ɗauko kayan miliyoyi ta bi hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni, ko ta ratsa dajin Gundumi zuwa Isa, a halin da hanyoyin suka shiga a shekarun nan?

Wayar zamani ta tara abubuwa uku da a da kowanne akwatinsa daban: ido mai ɗauka, ma'ajiyar da hoto ke zama, da ƙaramar na'urar aika saƙo ta iska, wato wayfay. Idan wayoyi da kwamfuta suka hau wayfay ɗaya, kowace waya za ta iya turo hotonta zuwa allon kwamfutar a daidai lokacin da take ɗauka. Igiyar da a da ake shimfiɗawa ta koma iska ke nan.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko dai mai allo ya riƙa zaɓa nan take, ya danna ta ɗaya, ya danna ta biyu, taro na ƙarewa bidiyo ya haɗu. Ko kuma kowace waya ta ajiye nata cikakken hoton a cikinta, allon ya zama na sa ido kawai, daga baya a zauna a tsanake a haɗa. Ta farko ta fi sauri, ita ce ta masu watsa tafsiri kai tsaye. Ta biyu ta fi inganci, kuskuren da aka yi kuma yana gyaruwa.

Manyan kamfanoni sun shigo harkar. A 2024 Apple ya fitar da manhajar Final Cut Camera, wadda ke haɗa iPhone har huɗu da iPad ɗaya. Switcher Studio, da ta daɗe a fagen, tana ɗaukar har tara, amma ita ma kayan Apple take bi, kuma biyanta da dala ne. Blackmagic, kamfanin Ostareliya mai ƙera kyamarorin fim, ya saki tasa manhajar kyauta a 2023, ta iso Android a 2024, daga baya aka ƙara mata damar sarrafa wayoyi da yawa daga guda ɗaya, sai dai ba kowace Android take karɓa ba. A can sama kuma, daraktan nan na Ingila Danny Boyle ya jera iPhone har ashirin a kan ƙarfe ɗaya wajen ɗaukar wasu sassan fim ɗinsa 28 Years Later da ya fito a 2025.

Wannan labarin masu hannu da shuni ne. A kasuwannin Isa da Sabon Birni Tecno da Infinix da itel ne a aljihun jama'a, kuma hanyarsu a buɗe take. Manhajar OBS Studio, wadda ake sa wa kwamfuta, kyauta ce, ita ce teburin darakta. A kan wayoyin kuma a sa DroidCam ko Iriun ko IP Webcam, kowace ta mayar da waya kyamarar da OBS zai gani. Na kyautar wasu suna rage kyan hoto ko su manna tambarinsu, amma suna aiki. Matasan nan na Kaduna da ake kira The Critics, waɗanda duniya ta san su a 2019, da waya mai fasasshen gilashi suka fara fina-finansu. Tsadar waya ba ita ce kan gaba ba.

Ba sai da sabis ba

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, nan ne kuma maganar ta fi shafar ƙasar Gobir. Da an ce wayfay, sai a ɗauka intanet ake nufi, a ce ai mu nan sabis ɗin ma sai an hau tudu. Wayfay daban, intanet daban. Wayfay kamar tsakar gida ce da ɗakuna ke buɗewa cikinta, intanet kuma titin da ke wajen ƙofa. Mutanen gida suna iya miƙa wa juna kaya ta tsakar gida ko da an rufe titi.

Kowa ma ya riga ya san haka a aikace, suna ne kawai bai sa masa ba. Duk wanda ya taɓa cewa abokinsa ya tura masa waƙa ko fim ta Xender, a wurin da babu sabis ko layi ɗaya, da wayfay ya yi aiki. Masu tura fina-finai a bakin tasha da ita suke ci. Abin da manhajojin kyamara suka ƙara kawai shi ne, maimakon a tura abin da aka riga aka ɗauka, ana tura shi ne yana kan faruwa. Ƙaramar rauta, wato na'urar raba wayfay, ko babu layi a cikinta ta isa, ko hotsfot na waya guda ko da babu data. Abin da ake bukata shi ne a sauke manhajojin tun a inda sabis yake, a gwada su a ga waɗanne ne ba sa neman intanet kafin su tashi, don akwai masu nema.

Mutanen yankin ba su manta watan Satumba na 2021 ba. A ranar 3 ga wata aka katse layukan waya a Zamfara, a ranar 20 kuma gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse su a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Wayoyi suka koma tocila da rediyo. Na kusa da iyaka suka riƙa laluben sabis ɗin Nijar. Amma a duk tsawon wannan lokaci babu abin da ya taɓa idon waya, babu abin da ya taɓa wayfay ɗinta. An yi aure, an yi suna, an yi jana'iza, an yi gudu. Kayan adana duk wannan suna cikin aljihu, sanin yadda za a haɗa su ne ya yi ƙaranci.

Ga kuma lissafin data. Idan aka saita waya tana fitar da megabit 8 a daƙiƙa, wanda matsakaicin hoto ne mai kyau, awa ɗaya za ta ci gigabait 3.6. Waya huɗu sun haura gigabait 14. Wanda ya ce zai bi da wannan ta intanet, ko sabis ya yarda aljihu ba zai yarda ba. Ta wayfay ɗin cikin gida kuwa ko kwabo ba ya fita.

Abin da bazara ta koya mini

Na gwada abin da kaina a walimar saukar Alƙur'ani ta ɗan ƙanwata, a cikin garin Isa, ana tsakiyar bazara. Waya uku muka tara a dangi, da kwamfutar aro, da rauta da muka jona wa fawabank. Waya ɗaya muka ɗaure a jikin turken rumfa tana kallon taron baki ɗaya. Ta biyu tana kan buhun gero da muka jingina da bango, tana kallon yaron da allonsa mai zayyana. Ta uku a hannun wani ɗan yayana, na ce masa aikinsa fuskoki.

Kuskuren farko nawa ne. Na zauna a zaure saboda sanyi, na ajiye rauta kusa da ni. Katangar ƙasa mai kauri ta shiga tsakani, sai hoton ya riƙa tsayawa yana tafiya. Da jama'a suka cika wurin abin ya ƙara lalacewa, domin jikin mutum yawancinsa ruwa ne, ruwa kuma yana shanye wannan saƙo. Sai da muka ɗaure rautar da roba a saman rumfa, sama da kawunan mutane, inda kowace waya ke hango ta, sannan hoto ya daidaita. Yawancin rautoci suna da zango biyu. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, don hotsfot da bulutut na jama'a duk a nan suke. Na 5 ya fi ɗaukar kaya, amma gajere ne. A fili ɗaya da babu shamaki, na 5 ya fi, idan wayoyin suna karɓarsa.

Ba a yi rabin awa ba ɗan yayan nawa ya leƙo zaure. "Kawu, wagga ta yi zahi, ta ƙi ɗauka." Ta turken rumfa ce, rana ta juyo ta same ta, ga shi mun bar ta a jone da caji, ga rigar roba a jikinta. Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone ta yi aiki ne a zafin da bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba, alhali bazarar Sakkwato tana haura 40 ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Ɗauka aiki ne, turawa ta iska wani aikin ne, caji na uku, kowanne da zafinsa. Muka cire mata riga, muka zare caji, muka rage hasken allonta, muka yanka kwalin sabulu muka yi mata 'yar rumfa. Ta huce ta ci gaba. Tun daga ranar na san cewa a wannan ƙasa inuwar waya tana gaba da kusurwarta. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, ƙyalle mai laushi a aljihu ya zama dole.

Sai kuma kira ya shigo wa waya ta biyu ana tsakiyar karatu, hoton ya yanke. Maganinsa sauƙi: a sa waya a yanayin jirgin sama, sannan a kunna wayfay shi kaɗai.

Sauti ne ya fi ba ni wahala, kuma shi ne abin da masu farawa suka fi rainawa. Ido yana haƙuri da hoto mai dishi-dishi, kunne ba ya haƙuri da karatun da ba a ji. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka wayar da ke nesa da mita 34 tana jin magana ne bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Kaɗan ne a faɗe, amma ya isa baki ya motsa kafin murya ta fito. Ga kuma jinkirin da wayfay ke ƙarawa, wanda ba ɗaya yake a kowace waya ba. Ƙa'idar ita ce sauti ya fito daga wuri guda: makirfo a ƙirjin mai magana, ko igiya daga amfilifaya kai tsaye, ko waya ɗaya da aka ajiye dab da shi. Sauran na ido ne kawai. Kafin a fara kuma wani ya tsaya inda dukan wayoyin ke ganinsa ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Wannan tafin shi ne alamar da mai haɗa hoto zai jera su a kanta. Idan taro ya yi tsawo a sake tafawa, don agogon wayoyi yana zamewa da kaɗan-kaɗan. Wanda ma bai da rauta ko kwamfuta, da tafin nan kaɗai zai iya aikin kyamara uku, ya haɗa a CapCut ko KineMaster. Abin da zai rasa shi ne ganin abin da kowace ke ɗauka a lokacin.

Akwai ƙananan abubuwa da suke bambanta aikin gwani. Kowace waya da yadda take ganin launi, farar riga ta fito fara a wannan, ta yi ɗorawa a waccan, sai an kulle haske da launi a manhaja tun farko. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi kuma yawanci hoto 30 suke ɗauka a daƙiƙa, shi ya sa hoton dare a ƙarƙashin wasu ƙwayaye yake ƙyafta ido. A mayar da shi 25 idan manhaja ta ba da dama.

Da muka zauna haɗawa da daddare ne na ga abin da wahalar ta saya. Yaro yana karanta farkon Baƙara, yatsansa yana bin layi a kan allo. A daidai wannan daƙiƙa, a waya ta uku, leɓɓan malaminsa suna motsi ba sauti, yana bin sa harafi da harafi. A daidai ita kuma, can gefen hoton ta ɗaya, kakan yaron ya kai gefen rawani ido. Abu uku a lokaci ɗaya, a wuri uku. Ni da nake wurin ɗaya kawai na gani.

Fage da majalisi

Wasu al'adun namu kamar don wannan aka tsara su. Majalisin tafsiri mutum biyu ne ke riƙe da shi, malam da mai jan baƙi, na uku kuma masu sauraro. Shafukan Facebook da ke watsa tafsirin azumi daga Kano da Kaduna da Sakkwato sun daɗe da gane cewa idan alaramma ya ja aya, shi ake son gani. Makaɗi da 'yan amshinsa haka ne. Maƙeri da mai zuga haka ne.

Kokawa da dambe sun fi kowa bukata. Mutanen bakin iyaka sun saba da kallon gasar kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya fara lashe ta, har filin kokawar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Abin da ke sa kallonta a Télé Sahel ya yi daɗi shi ne idan kaye ya zo da gardama, ana sake nuna shi ta wani gefen, a ga ko gwiwa ta taɓa ƙasa. Waya uku a fagen ƙauye za su yi wannan. Sharaɗi ɗaya ne: a ja layi a zuci tsakanin 'yan wasan biyu, dukan wayoyi su tsaya a gefe ɗaya na layin. Idan ɗaya ta tsallaka, wanda ke dama zai koma hagu a idon mai kallo, kai ya juye.

Wa ke riƙe da kyamarar ƙasar Gobir?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Rubuta Sabon Birni ko Isa a wajen bincike na intanet ka ga abin da zai fito. Mutum da rawani da bindiga a gindin bishiya yana jawabi. Hayaƙi. Mata da ƙullin kaya a ka. A watan Agusta na 2024 duk ƙasar nan ta kalli bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi tun a watan Yuli, kwanaki kaɗan kafin labarin rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa. Waya ɗaya ce ta ɗauki wannan hoto, daga kusurwar da azzalumi ya zaɓa, kuma shi ne hoton ƙarshe da miliyoyin mutane suka san dattijon da shi. Har yau abin yana ci mini rai.

Ba na cewa a ɓoye bala'i. Ya faru, yana kan faruwa, kuma shaidar waɗanda ya shafa tana bukatar a ɗauke ta da kyau. Amma ƙasar da ta yi Alƙalawa, ta yi Bawa Jangwarzo, ta tsaya bayan faɗuwar birnin a 1808 ta sake kafa Tsibiri da Sabon Birnin Ɗan Halima, ta fi ƙarfin a san ta da hoton maharanta kaɗai. Dubban mutanenta suna zaune yanzu a ƙasar Maraɗi, wajen Gidan Runji da kewaye, wasu a cikin Sakkwato. Bidiyon auren ƙanwa da aka ɗauka da kyau, aka tura a memori ta hannun direba, zumunci ne ga wanda hanya ta hana shi zuwa.

Sai dai wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. A yankin da kowa ke tsoron infoma, kyamara huɗu ido huɗu ne da za su iya yi wa maƙiyi aiki. Hoton da ya nuna wanda ya yi liƙi da sababbin kuɗi, ko akwatunan lefe, ko garken da ke bayan gida, ko ƙofar da baƙo daga birni ya sauka, jerin suna ne aka miƙa. Shawarata ga duk mai wannan sana'a a nan ita ce ya bar watsawa kai tsaye, sai inda ya tabbata babu cutarwa. Kai tsaye yana faɗa wa duniya wane ne ke ina a yanzu. A ɗauka, a tace, a fitar bayan baƙi sun koma gida. A nan yawan kyamara ma taimako ne, don idan fuskar da bai kamata ta fita ba ta shigo ta ɗaya, akwai ta biyu da za a koma. Mai waya ɗaya ba shi da wannan zaɓi, sai dai ya yanke maganar gaba ɗaya. A sa wa rauta lambar sirri. A kuma tuna cewa ɗanyen hoton yana nan a wayar kowane wanda ya ba da aro, sai an kwashe an goge a gaban mai taro.

Cikin gida kuma da nasa hukuncin. An ce dabarar ta sauƙaƙa, tunda ana iya kafa wayoyi a wajen kamu ko wuni ba tare da namiji ya shiga ba. Gaskiya ne, amma idan allon yana zaure a gaban namiji, ai ya shiga, har ma ya fi wanda ya shiga da ƙafa gani. Taron mata, mace ce za ta riƙe allo, ita za ta haɗa, kuma a sanar da kowa inda wayoyin suke kafin a kunna. Wannan ƙofar sana'a ce ga 'yan matan da suka iya waya, kuma suna da yawa. Izini kuwa ba a wajen mata kaɗai ake nemansa ba. Dattijon da ya ce kada a ɗauke shi, an gama magana.

Saura ajiya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da babu. Abin da ya cancanci kyamara uku ya cancanci kwafi biyu a wuri biyu, da suna a jikinsa: gari, rana, shekara, wane ne ke magana. Abin da ya shafi tarihi da kiɗa da sana'a kuma, akwai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai masana Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai Gidan Arewa a Kaduna. Ya kamata a fara kai musu, su ma su fara nema.

Kwana biyu bayan walimar na kai wa kakan yaron bidiyon. Muka zauna a zaure bayan la'asar, na riƙe masa kwamfutar a cinya. Da hotonsa ya fito bai ce komai ba. Da aka zo wajen leɓɓan malam sai ya ɗaga hannu. "Maido man wurin ga." Na mayar. Sau uku yana sa ni. Sannan ya tambaye ni ko wayoyin suna iya kama yatsun mutum haka kusa-kusa, na ce suna iyawa, Baba. Ya ce akwai wani abokinsa, tsohon makaɗin kotso, da aka tashi ƙauyensu, yanzu yana nan cikin gari a gidan ɗiyarsa. Hannunsa ya fara rawa, amma da safe yakan yi daidai, kuma biyu daga cikin 'yan amshinsa suna raye. Muka sa ranar Laraba da hantsi, kafin rana ta kai ga wayoyin.